Iri Ya Ƙare, Baba

Gonarmu babu ita yanzu, Babanmu ma babu shi. Inda gonar take, gidan mai ne a gefe guda, dogon bene a ɗaya gefen, babban titi kuma ya ratsa ta tsakiya.

Na taso na tarar da garin nan ƙauye, kowa ya san akuyar kowa. Sai aka kawo kwalta. Bayan kwalta tasha, bayan tasha kasuwa, daga nan aka shiga yanka gonaki ana fitar da filaye. Kafin in yi aure birni ya haɗiye mu, muka koma baƙi a inda aka haife mu. Baba bai taɓa yarda ba. Kullum akwai goran iri rataye a ɗakinsa, cike da gero.

Inna takan ce, "Malam, a kan kwalta za ka shuka?"

Ya ce, "Ke dai lallaɓa ƙafarki, tsohuwa. Ƙasa tana nan a ƙarƙashi, jira take."

Da tsufa ya taɓa masa hankali, ran da aka yi ruwan farko bara sai ya saɓa sungumi ya nufi gona. A tsakiyar titin nan mota ta same shi.

Wanda bai yi noma ba sai an gaya masa yadda ake shuka. Namiji yana gaba da sungumi yana saran rami, mace tana biye, ta jefa iri ta rufe da diddige. Mai binnewa ba ta ɗaga kai sai ƙarshen layi, don kada ta tsallake rami. Haka iyayena suka yi tun kafin a haife ni. Abu ɗaya ke tsayar da Baba a tsakiyar layi: a ce masa iri ya ƙare.

Bayan rasuwarsa na dawo da keken ɗinkina ɗakin Inna, ina wuni da ita. Bana ruwan farko ya sauka da la'asar. Da ya ɗauke, na fita gab da magariba in sayo mata maganin gwiwa. Na dawo na tarar da ƙofa a buɗe. Takalmanta suna bakin ƙofa. Igiyar goran iri tana reto a jikin ƙusa, babu goran.

Na yar da ledar maganin na fita da gudu.

Mai faci na bakin layinmu ya tare ni yana dariya. "Yaya, tsohuwarki ta wuce nan ba takalmi. Na gaishe ta, wai in kauce ina taka mata layi!"

Na wuce shi na nufi inda gonarmu take a da.

Ina isa gidan man, ƙarar janareta ta fara ja da baya, kamar an toshe min kunne da auduga. Warin fetur ya ɓace. Sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da taki, irin wanda rabona da shi tun ina yarinya.

Sai na ji sautin.

Kaf. Kaf. Kaf.

Sungumi ne yana shiga ƙasa mai laushi. Alhali ko'ina siminti ne.

Ga Inna can, kai a sunkuye, gora a hammata. Ta jefa, ta rufe da diddige, ta yi gaba. A gabanta akwai wani dogo da malfa da koɗaɗɗiyar rigar noma. Rigar Baba ce. Ni na yi mata faci a kafaɗa, kuma ni na bayar da ita sadaka bayan rasuwarsa.

Fitilun gidan man suna haska shi, amma ba shi da inuwa. Masu sayar da mai suna ta hirarsu, ba wanda ya dubi wajen.

Layin ya miƙe sak zuwa babban titi.

Na cim mata, na yi ƙasa da murya. "Inna, mu je gida."

"Yi shiru, 'yar nan. Za ki sa in tsallake rami. Babanki ya yi nisa."

Na kama hannunta na ja. Tsohuwar da nake ɗagawa da hannu ɗaya in za ta yi alwala, yau kamar na kama kututture.

Mai malfar ya sauka kan kwalta. Motoci suna wucewa, babu wanda ya danna masa oda.

Kaf.

Ƙafar Inna ta taka bakin titi. Daga dama fitilun tirela suka taso.

Na fizge goran na maka shi da ƙasa. Ya fashe, gero ya watse cikin kwata. Na ce, "Baba, iri ya ƙare."

Saran ya tsaya.

A hankali malfar ta juyo. Jikin bai juyo ba.

Babu fuska a ƙarƙashinta. Baƙar ƙasa ce jiƙaƙƙiya, tana zuba kan rigar.

Murya ta fito ta ƙarƙashin ƙafafunmu. "Saura rabin layi."

Sai Inna ta ɗaga kai. Ta duba. Ta ce a hankali, "Wannan ba Malam ba ne."

Jikinta ya saki. Na jawo ta, muka faɗa kwata tare. Tirelar ta wuce da mayafinta.

Ƙarar gari ta dawo gaba ɗaya, da oda, da janareta, da kiran salla. Mutane suka taru suna yi min faɗa don na bar tsohuwa ta fito ita kaɗai. A kan titin babu kowa.

Sai da ta kwana biyu kafin ta yi maganar. Ina shafa mata magani ta ce, "Da tuni ya kamata in gane. Babanki ba ya nisa bai waiwayo ya tsokane ni ba. Wai tsohuwa, ƙafar ce ta gaji ko bakin?" Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Ba a jima ba gero ya tsiro a tsagogin simintin gidan man, a jere, har bakin titi. Yaran wurin suka tuttuge shi suna mamaki. Ni kaɗai na san wadda ta shuka.

Yanzu Inna ba ta ambaton gona. Da hadari ya haɗu, ita da kanta take cewa in kulle ƙofa in ɓoye makullin. Sai ta zauna a bakin gado ta sunkuyar da kai, diddigenta yana goga siminti a hankali, yana rufe ramin da babu shi.

Damina kuwa yanzu ta fara. Ku taya ni roƙo: Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba shi gonar da babu mai yanka ta. Allah Ya toshe kunnen Inna daga wannan saran, Ya bar min ita. Ku ce amin.