Hoton Ranar Alhamis

Ranar Litinin da safe aka buɗe kantin magani aka tarar kwalayen maganin hawan jini sun yi ɓatan dabo daga sito, kuma ba a taɓa kwaɗo ba. Kafin tela ya iso da zare a wuyan riga, an riga an zaunar da autarsa, mai sayarwa a kantin, a benci gaban sajan ɗin 'yan sanda, mai kantin yana kiran ta ɓarauniya a gaban jama'a.

Manaja, ƙanen matar mai kantin, shi ya ciro katin kyamara ya kunna: ga yarinyar ranar Alhamis da safe tana fita da kwali. Ta rantse fanko ne, shara aka ce ta zubar. Tela ya dube ta. In aka shafa mata sata, wa zai ƙara ɗaukarta aiki?

Sajan ya fara da maigadi, ya ga ko makullin banɗaki ba a ba shi. Mai shara tana kwance asibiti tun Laraba. Aka kira wanda ya haɗa kyamarar, tela ya tare shi tun daga ƙofa da faɗa, wai kayan aikinsa na banza zai ɗaure masa ɗiya.

"Baba, ni haɗawa na yi," in ji shi. "Katin giga sittin da huɗu ne, kyamarar tana cin kamar giga ɗaya a awa, ba dare ba rana. Ba ya kai kwana uku yake cika, sai sabon hoto ya hau kan tsoho."

Tela ya tsaya. Ya lanƙwasa yatsu: Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi.

"To hoton Alhamis uban me yake yi a ciki har yau?"

Manaja ya ce ai wuta aka ɗauke. Mai kyamara ya ce kyamarar da firjin allurai batir ɗaya suke sha. Sajan ya buɗe firjin ya sa hannu, sanyi ƙalau. Ya sa aka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi daga yammacin Asabar sun yi tsalle zuwa safiyar Litinin. Ya tambayi inda soket ɗin kyamarar yake. A ofishin manaja, makulli kuma a aljihunsa.

"Da ka bar ta tana aiki, da hoton nan ya goge tun jiya," in ji sajan. "Ka kashe ta don ka kwashi kaya, shi ya sa katin bai cika ba. Ina kwalayen?"

Manaja ya ce suna bayan motarsa.

Mai kantin ya matso ya kama hannun tela yana ba shi haƙuri ƙasa-ƙasa. Tela ya fizge hannunsa, ya nuna mutanen da suka yi cincirindo a bakin ƙofa.

"A gabansu ka kira ta ɓarauniya. Fita ka faɗa musu ba ita ba ce, da ƙarfi."