Ajiyar Gindin Tsamiya

Ranar wata Laraba da la'asar sakaliya, Malam Jafaru mai gyaran agogo ya rufe shagonsa na Ƙofar Wambai ya nufi Goron Dutse, zai kai wa wani Alhaji Ilu agogon bango. Shekara ta biyu ke nan ana yaƙin basasa, kuma wata bakwai rabon da shi da matarsa su ji ɗuriyar ɗansu na fari, Musbahu, wanda ya shiga soja aka tura shi kudu.

Tun tafiyar yaron Jafaru ya tsiri tara tsofaffin tsabar kuɗi da lambobi, musamman irin waɗanda aka buga don tunawa da wani biki. Ko ƙuli-ƙuli ba sa saye, shi ya sa 'yan koli ke ba shi su a arha. Sai ya goge su da toka da lemon tsami ya jera a gwangwanin alewa. Matarsa Ma'u takan ce, "Malam, mutane na tara hatsi, kai kana tara ƙarfe." Abin da zai raba kunnensa da labaran rediyo kawai yake nema.

Da zai dawo, rana ta yi ja, sai ya yanke ta bakin kududdufi inda tsohuwar tsamiyar nan take. Kowa a unguwar ya san ta. Tun da aka fara yaƙi, iyaye mata ke zuwa a ɓoye su ajiye tsaba a gindinta, su raɗa sunan ɗansu, wai masu wurin su riƙe musu shi har ya dawo. Jafaru kuwa jahilci yake kiran wannan, ya ma sha faɗi a majalisa.

Ya leƙa tsakanin saiwoyin, sai ga tsaba birjik. Ya tsuguna. Ya zaɓi kwabo biyu masu huji, sannan idonsa ya faɗa kan wata lambar ranar 'yancin kai, irin wadda ya daɗe yana nema. Ya damƙe duka ukun.

Kwaɗin kududdufi suka yi tsit.

Wani wari ya taso, warin albarushi da jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali rabon garin da ruwan sama wata huɗu. Daga cikin kogon bishiyar ya ji takun takalma masu nauyi, a jere, kamar ana fareti a ƙarƙashin ƙasa.

"Malam."

Muryar a raɗe take, daf da ƙeyarsa. Ya waiga. Wata tsohuwa ce zaune a kan saiwa, ta lulluɓe da baƙin zane. Ƙafafunta sun miƙe har cikin ruwan, bai ga ƙarshensu ba.

"Ajiya ce," ta ce. "Kowace da mai ita."

Ya nemi addu'a, ko ɗaya ta ƙi zuwa.

"Maido."

Ya watsa mata kwabo biyun. Ta cafe su ba tare da ta ɗaga hannu ba.

"Saura ɗaya."

Ta nan son zuciya ya ci shi. Ya ƙara matse lambar a tafinsa, ya zuba da gudu. Wani abu mai sanyi ya kama bakin rigarsa. Rigar ta yage. Ya faɗi, ya tashi, takalmi ɗaya ya tsaya a can. Bai tsaya ba sai da ya ji ladan ya ɗaga murya a Soron Ɗinki.

Daga nesa muryar ta biyo shi, ba fushi a cikinta ko kaɗan. "To, mun saki."

A tsakar gida Ma'u ta tarye shi da fitila. Ta ga rigar, ta ga ƙafar, sannan ta ga abin da ke hannunsa. Ta karɓa ta juya shi. A gefen lambar akwai shatar haƙori.

"Ina ka samo wannan?"

Ta matso da fitilar, ta ƙara dubawa.

"Ta yaron nan ce. A makaranta aka ba su, ya cije ta don ya ga ko azurfa ce." Ta ɗago ta dube shi. "Malam, tun da na haife shi kunya ba ta taɓa barina na kira sunansa ba. Sau ɗaya na kira, a gindin tsamiyar nan."

Da gari ya waye Jafaru ya koma, yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya mayar da lambar tsakanin saiwoyin. Da ya dawo gida ya buɗe gwangwaninsa, sai ga ta a sama. Sau uku yana mayarwa, sau uku tana riga shi gida.

Kwana tara bayan haka wani soja ya yi sallama a zaure da takarda a hannu. Ranar rasuwar Musbahu da aka rubuta a ciki Larabar nan ce, da magariba.

Malaman unguwa suka ce kwanansa ne ya ƙare, kuma gaskiya suka faɗa. Jafaru ya yarda da su da rana, a gaban mutane. Ma'u ba ta taɓa yi masa gori ba, kuma wannan ya fi gorin ciwo. Tana kawo masa tuwo ta ajiye ta juya.

Da yaƙi ya ƙare, samari biyu na unguwar suka dawo da ƙafafunsu, aka yi ta guɗa a lungu. Jafaru yana zaure yana ji. Ma'u ta fito za ta je barka, ta tsaya a kansa tana gyara mayafi.

"Kwabo nawa ka mayar mata ranar nan, Malam?"

Ya sunkuyar da kai. "Biyu."