Wasan Dogo da Ya Ƙi Maimaituwa

Da yamma liƙis na koma shago, don matar Dogo ta ce gobe za ta zo ta ga wasan mijinta. Dogo abokina ne, wata uku ke nan da rasuwarsa. Ni kuwa gidan gem gare ni, akwatuna huɗu irin na da, masu sanda da madannai, amma kwamfuta ce a cikinsu tana kwaikwayon tsofaffin injina. Akwai wani wasan faɗa na mutum biyu da muka taɓa ɗauka ni da shi, na ajiye a filashi. Shi kaɗai ya rage na Dogo. Mutumin ko hoto ba ya yarda a yi masa, wai kullum sai an yanke masa kai.

Na kunna. Mai jar riga, wato Dogo, ya fito yana naushin iska kamar mai korar ƙuda. Nawa mai shuɗiya ya tsaya ƙiƙam. 'Yan daba suka taru suka yi musu lilis. Na sake kunnawa. Haka dai.

Na kira Injiniya, mai yi mana gyara. Ya fara da cewa kaina da na kifi babu bambanci. Wai abin ba bidiyo ba ne, danne-dannen da aka yi kawai yake riƙewa ya maimaita, da ɗaya ya kauce duk wasan ya rikice. Ya sa na dawo da tsohuwar manhajar, na goge ajiyar maki. A banza. Can ya tuna ashe sandar hagu ta wata waya daban ya haɗa ta, ba ta shiga ɗaukar ba. Na Dogo kawai aka kama. In ina so ya tafi daidai, sai dai in tsaya in sake buga nawa da hannu, sak yadda na yi ranar. Ya yi dariya, ya ce ba mahalukin da zai iya.

Ni fa ba a ce mini haka. Na sauke ƙofar shago rabi, na kama sandar hagu.

Abin mamaki sai wasa ya zauna. Na doki wannan, ja ya doki wancan. Muka wuce kasuwa, muka wuce gada. Har ina tsokanar allo, ina cewa Dogo har yanzu hannunka kamar na mai dama siminti.

A nan na yi kuskure. Na yi tsalle inda ranar ban yi ba. Na ce shi ke nan, ya rikice.

Bai rikice ba. Ja ya tsaya. Ya jira na sauko, sannan ya ci gaba.

Na bar dariya.

Na koma baya da gangan. Ya biyo ni. Na tsaya. Ya tsaya.

Waje ya yi shiru, ko mashin ɗaya babu a titi. Fankar sama tana juyawa, amma iskarta ba ta zuwa. Sai wari ya bugo ni. Man zafi. Wanda Dogo yake shafawa a wuyan hannu kafin ya fara wasa.

Ƙas. Ƙas-ƙas.

Sandar dama ce. Tana motsi. Ba hannu a kanta.

Na so in saki tawa. Yatsuna sun ƙi buɗewa. Sanyi ya kwanta a bayan hannuna, mai nauyi, kamar an ɗora tafi.

Muka iso gaban ƙaton ƙarshe, ogan 'yan daban. Akwatin ƙarin rai yana ƙasa, guda ɗaya. Ran ja saura ƙiris. Ranar da muka ɗauka, ni na sace akwatin nan alhali raina cike yake, don kawai in ga Dogo ya ƙule. Nasa ya mutu, nawa ya ci. Ya fita bai ce mini sai da safe ba. Bai sake shigowa shagon ba.

Ja ya tsaya a gefen akwatin. Ya juyo yana kallon nawa.

Numfashi ya taɓa kunnena na dama.

"Ɗauka mana, Shaƙiyyi." Dogo kaɗai ke kirana haka.

"Na bar maka," na ce. Muryata kamar ta ɗan tsako. "Wallahi naka ne."

Ja ya ɗauka. Naushi uku, ƙato ya faɗi. Na ce alhamdulillahi, an gama.

Allo ya yi baƙi. Ya dawo. Farkon wasa.

"Sake," in ji shi. "Yanzu muka fara."

Na shure soket da ƙafa. Sauran akwatuna uku suka mutu. Namu yana nan yana kiɗa.

Sanyin ya hau gwiwar hannu. Ya hau kafaɗa.

Na miƙa hannun hagu ƙarƙashin akwatin gem ɗin, na lalubo filashin. Zafi kamar garwashi. Na san in na zare shi ana cikin wasa, fayil ya tafi ke nan. Na tuna matar Dogo.

Sanyin ya taɓa wuyana.

Na fizge.

Hannuna ya saku. Na faɗi da baya, na yi rarrafe ta ƙasan ƙofa, na bar takalmi ɗaya a ciki.

Washegari Injiniya ya jona filashin, babu komai a kai. Matar Dogo ta zo da ƙanwarta, ta zauna a benci, ta tambaye ni ko mijinta ya ci wasan. Na ce ya ci. Wannan kam ban yi ƙarya ba. Ta ce to a nuna mata.

Akwatin na juya shi yana kallon bango. Amma kullum rana ta faɗi, yatsuna biyu na dama sai su fara danne-danne a cinyata, su kaɗai. Na taɓa lura da su. Ba irin bugun da nake yi ba ne.