Kifin Dutse na Rijiyar Babban Duhu

A bakin wata rijiya da ake haƙa a Babban Duhu suka fara ganin juna, a zamanin da Katsina ke kai gaisuwa Sakkwato. Maude, mai haƙar rijiya daga Yasore, ya fito daga rami jikinsa buɗu-buɗu, sai ya tarar da budurwa riƙe da ƙwaryar fura. Safiyyatu ce, 'yar Malam Mahmudu wanda ya sa a yi haƙar. Ya karɓi ƙwaryar ya manta da sha, ita kuma ta manta da tafiya.

Kafin rijiya ta yi zurfi, zance ya yi nisa. Yana kiranta Zinariya, ita kuwa kunya ba ta barin ta kama sunansa, sai ta ce Na-Yasore.

Sai ga abin da ya dagula komai. Wata rana can ƙasa ya sari wani farin dutse mai laushi, dutsen ya rabe biyu, ya ga kifi kwance a ciki da kansa da ƙayoyinsa, duk ya zama dutse. Ya fito da ɓari ɗaya ya ajiye a rana, ya ruga kiran mutane. Kafin su iso dutsen ya bushe ya tsattsage, yana taɓa shi ya zube ya zama gari.

Salmanu, wani mai shanu da ya daɗe yana son Safiyyatu, bai yi wata-wata ba. Ya bi gari yana cewa ko dai Maude maƙaryaci ne, ko kuwa iskoki sun taɓa shi a ramin. Daga nan ba wanda ya yarda ya sauka ya duba.

Malam Mahmudu ya kira shi zaure, ya ce, "Maude, ba zan ba da 'yata ga wanda ake shakkar maganarsa ba. Ka ce ɗaya ɓarin na nan. Kawo shi in gani da idona, in ba haka ba a bar maganar."

Maude ya sassaƙo ɓarin da ya rage, ya naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ya kai bukkar da aka sauke shi. Duk buɗewar da zai yi sai ya ga sabuwar tsaga. Abinci ya gagare shi. Ƙato guda, wanda ba ya tsoron zurfin rami, ya koma yana tsoron yin tari kusa da dutse.

Ana haka sai ga Kulu, kakar Safiyyatu, da ƙullin ƙaro da saƙo daga jikarta. "Ta ce in faɗa maka, da wannan take haɗa wa babanta tawada, shi ke riƙe baƙi kada ya goge. Ka jiƙa ka shafa. Ta ce kuma ko garin nan duka ya ƙaryata ka, ita ta yarda da kai."

To, mai gaggawa ba ya jin saƙo sai rabi. Maude ya dama ƙaron da kauri kamar zai liƙe fasasshiyar ƙwarya, ya lafta a wutsiyar kifin, ya kanga shi kusa da wuta don ya yi saurin bushewa. Ƙaron ya yi ɓawo, ya nannaɗe, ya ɗago da wutsiyar gaba ɗaya.

Baƙin ciki ya sa ya faɗa wa Kulu abin da bai kamata ba. "Iya, ki gaya mata ƙaronta ya cinye mini wutsiya. Ko Salmanu ne ya ba ta shi?"

Safiyyatu ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Amma da la'asar ta sa kakarta a gaba, suka tsaya a ƙofar bukkar.

"Na-Yasore, ni kake zargi?"

"Zinariya, ki yafe mini. Tsoro ne ya yi magana. In dutsen nan ya zube, na rasa ki."

"Ni ma tsoron nake ji, shi ya sa na zo. Kai ne ka yi masa ɗura. Abin da ke jin ƙishi ruwa ake ba shi, ba tuwo ba."

Ta jiƙa ƙaro ɗan kaɗan, ta tsinka shi har ya zama kamar ruwan sha, ta tace da ƙyalle. Ta fara gwadawa a wani ɓallin da ya riga ya faɗi. Sannan ta miƙa masa gashin zabo.

"Ɗiga a gefe, kada ka goga. Bar shi ya tsotse da kansa. In ya shanye ka jira ya sha iska a inuwa, sannan ka ƙara. Ba rana, ba wuta."

Ya ɗiga a gefe. Dutsen ya shanye. Ya ɗiga wani, shi ma ya shige.

Kwana da kwanaki yana wannan aiki, har ranar da ya taɓa gefen dutsen bai ga gari a yatsansa ba. Ya shimfiɗa auduga a akushi, ya kwantar da shi, ya nufi zauren Malam yana tafiya kamar mai ɗauke da jariri.

Malam Mahmudu ya daɗe yana kallo. Ga kai, ga gurbin ido, ga ƙayoyi a jere, wutsiya ce kawai babu. Ya yi tasbihi a hankali, ya aika a kira dattawan gari, har da Salmanu.

Da suka taru ya ce, "A zauren nan na yi shakkar yaron nan, a nan kuma zan wanke shi. Maude, gaskiya ka faɗa. Ka yafe mini."

Sai hawaye suka zubo wa Maude. Salmanu dai ya tuna yana da shanun da bai shayar ba, ya sulale ya fita.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Mutanen Yasore suka zo da gero da goro, aka ci aka sha. Da za a tafi da amarya, Malam ya dafa kanta, ya ce, "Kin yarda da shi tun ban yarda ba. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Jama'a suka amsa da amin.