Kakanni Huɗu Na Yahuza

Hajiya Luba tana zaune a falon ƙanin marigayi mijinta a Plumstead, can ƙasar Turawa, tana ninke leshin da ta saro za ta kai Kano. A shekarun nan kuɗin man fetur sun ɓalle a gida, ita kuwa tun da mijinta ya rasu ba ta miƙa wa kowa hannu ba. 'Yarta Shafa'atu, mai karatun nas, ta durƙusa gefe.

"Wa kika ce sunansa?"

"Yahuza, Umma. Malamin makaranta ne. Shekara uku ke nan da ya musulunta."

"Ban tambaye ki sallarsa ba. Ɗan gidan waye?"

"Iyayensa daga tsibirin Tirinida suka zo, can inda ake noman rake..."

Hajiya ta saki leshin. "Jikan bayi! Shafa'atu, jikan bayi za ki kawo min? In matan unguwa sun ce waye kakansa, in ce musu rake?"

Baffa Nata'ala, mai gidan, ya sauke jaridarsa. "Hajiya, yaron na da hankali..."

"Hankali ba asali ba ne, Malam. Ko dai ya ƙirga min kakanninsa bakwai, ko Litinin mu hau jirgi da ita. Karatun ma an fasa!"

Shafa'atu ta kwana biyu tana neman mafita. Da ta faɗa wa Yahuza a bakin asibiti, sai ya ce huɗu kaɗai ya sani.

"To ka ƙara uku mana! Please, Yahuza, wa zai bincika?"

"Ba zan ƙago wa kaina kaka ba. Ki kawo Hajiya makarantarmu ran Asabar, muna bikin tarihin baƙar fata. Kakata za ta zo."

Hajiya ta yarda, wai don ta ga talaucinsu da idonta. Da azahar suka isa wani zaure a bayan tashar bas. Yara sun manne zanen ganuwar Kano da masallatan Tambutu a bango, da hotunan baƙaƙen likitoci da sojoji. Hajiya ta tsaya gaban ganuwar ta taɓe baki. "Ƙofar nan ai ba haka take ba." Amma ta daɗe a wurin.

Shafa'atu dai hankalinta na waje. Tun a hanya ta hango wasu samarin Turawa masu askin ƙwal sun yi cirko-cirko a tsallaken titi.

Aka fara. Kowane yaro ya miƙe ya faɗi kakanninsa iya inda ya sani. Can aka riƙo wata tsohuwa mai farar hula, Mama Scholastica, kakar Yahuza. Ta buɗe baki ke nan sai tartsatsin gilashi, bulo ya faɗo tsakiyar zaure!

"Innalillahi!" Hajiya ta ƙwala. Wani bulon ya biyo, ana ihun zagi daga waje ana dukan ƙofa da takalmi. Shafa'atu ta dubi ƙofa. Ta ga Yahuza ya ruga ya tokare ƙofar da bayansa, jini na zuba daga goshinsa har cikin ido, ƙofar na jijjiga shi.

"Za su kashe shi, Umma! Za su kashe shi!"

Ta waiga. Hajiya ta tattaro yara uku cikin mayafinta, tana ta addu'a. Tsohuwar kuwa ko gezau. Ta ɗaga murya ta ci gaba da kiran sunayen mutanenta, ɗaya bayan ɗaya, har maza suka taru bayan Yahuza, har jiniyar 'yan sanda ta watsa 'yan iskan.

Shafa'atu tana ɗaure wa Yahuza goshi sai ga Hajiya a gaban tsohuwar.

"Zo ki fassara. Ce mata ta maimaita, ban ji ba."

Mama Scholastica ta ƙirga da yatsu. Uban Yahuza direban bas ne. Mijinta ya yi yaƙin duniya. Surukinta, uban mijin, ya gina makarantar ƙauyensu da hannunsa. Na huɗun an haife shi cikin bauta, ya mutu yana da gonarsa.

"Saura uku," in ji Hajiya.

"Ta ce sauran an ƙwace musu sunaye a bakin teku, Umma. Ta ce... ta ce ke ma ki ƙirga naki ta ji."

Hajiya ta gyara ɗaurin kallabi. Ta zubo na wajen uba har bakwai ba numfashi. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta sake magana.

"Ta ce na wajen uwa fa?"

"Uwata Hindu. Uwarta Yelwa. Uwar Yelwa..." Sai ta tsaya.  "Daga kan duwatsu aka kamo ta baiwa tana yarinya. Ba mu san sunan da uwarta ta raɗa mata ba. Ba a faɗa a gidanmu." Ta share ido da gefen mayafi, da fushi, kamar hawayen sun yi mata rashin kunya. Tsohuwar ta kamo hannunta, ita kuma ba ta janye ba.

Can ta juya kan Yahuza. "Kai, mai fasasshen kai! A Kano za a ɗaura. Lefe cikakke, ba na karɓar uzuri. Kuma ka koyi Hausa, ba zan yi ta gaisawa da surukina ta bakin tafinta ba."

"To, Umma," in ji shi, da guntuwar Hausarsa.

"Ji shi! Wa ya ba ka izinin cewa Umma tun yanzu?"

Shafa'atu ta zube ƙasa, kuka da dariya suka haɗe mata.

'Yan mata, ku duba: da Yahuza ya bi shawarar tsoro ya ƙago kakanni, da ƙarya za ta zauna musu a gida har abada. Ya riƙe gaskiyarsa, ita kuma Shafa'atu ta yi haƙuri ba ta bijire wa uwarta ba. Ku kuma iyaye, kafin ku raina wanda aka raba da sunan kakansa, ku fara ƙirga naku har ƙarshe.