Ranar da Zakariyya Ya Faɗi Sunana a Rediyo

"Mi ya kai ka, Zakariyya? Mi ya kai bakinka ga sunana?"

A bakin ƙofar makarantar 'yan mata ta Mafara, inda nake koyarwa, na tare shi, ko babur ɗinsa bai gama kashewa ba. Ya cire hular kwano a hankali yana dubana.

"Hikima, ki saurare ni..."

"Ai na saurare ka ranar Asabar. Ni da Baba da mutanen Maradun kaf."

Zakariyya ɗan Bakura ne, kuma shi zan aura, saura wata biyu a ɗaura. Kowace Asabar yana gabatar da shirin fina-finai a rediyo. In bikin fina-finai na Kaduna ya matso, shi ake jira ya faɗi wanda zai ci kyauta. Shekara uku a jere hasashensa bai kuskure ba, har wurin masu shayi musu ake a kan maganarsa.

Bana kuwa da nawa a cikin gasar. Gajeren fim ne na minti ashirin a kan mahaifiyata, Inna Husaina, ungozomar da ta yi shekara talatin tana bin ƙauyukan Janbako tana karɓar haihuwa. Shekararta huɗu da rasuwa. Na bi matan da ta taimaka ɗaya bayan ɗaya da wayata, suka ba ni labarinta. Da na aika ban sa sunana ba, "Ɗiyar Ungozoma" na rubuta. Baba bai sani ba.

"Wani ne ya bugo waya daga Damri," in ji Zakariyya, "wai ba ɗan Zamfara ya yi fim ɗin ba, ba mu da mai wannan basira. Raina ya ɓaci. Na ce shi zai lashe kyautar gajeren fim, kuma mai shi Hikima Labbo Maradun ce. Wallahi masoyiyata, kafin in tuna ta riga ta fita."

"To Baba ya ce a dakatar da maganar aure."

Na ga yadda hannunsa ya saki makullin babur.

"Ya ce ranar Juma'a bayan la'asar yana son ganinmu, ni da kai."

"Kina tsoro?"

"Ban yi abin kunya ba, Zakariyya. Ɓoyewar kawai nake jin nauyi."

Babana, Malam Labbo, malami ne da ke karantar da manya a zaurensa. Ba mai faɗa ba ne. Amma tun da aka kai Inna makwancinta bai ƙara ambaton sunanta ba. In hira ta biyo ta kanta sai ya miƙe ya ce zai yi alwala. Shi ya sa na kasa tunkararsa.

Ranar Juma'a muka same shi kan buzunsa. Zakariyya ya durƙusa, suka gaisa, ya tambayi gida da iyali da damina, duk Baba ya amsa ba tare da ya ɗago kai ba.

"Kai ne mai sanin gobe?" ya ce.

"A'a Malam, Allah kaɗai ya san gobe. Ni dai na kalli duk fina-finan da suka shiga, guda goma sha ɗaya. Ban ga wanda ya kai nata ba."

"Don kana sonta."

"Ina sonta, Malam. Amma ko ban santa ba haka zan ce."

Baba ya juyo gare ni. "Ke kuma, ɗiyata. Kin ɗauki uwarki kin kai wa duniya, ni da na zauna da ita shekara talatin da biyu sai a bakin rediyo zan ji?"

Idona ya cika, amma ban sunkuyar da kai ba.

"Na yi kuskure da ban faɗa maka ba, Baba, ka gafarce ni. Amma ina tsoron a manta da ita. A gidan nan ma ba a kiran sunanta..."

Ban taɓa yi masa magana haka ba.

"Kunna in gani," ya ce.

Na buɗe kwamfutata na ajiye a gabansa. Matan Janbako suka fara bayyana, wata tana sussukar gero, wata riƙe da jikanta. Wata tsohuwa mai suna Khadija ta ba da labarin ranar da rafi ya cika ya raba gari biyu, Inna ta tsallaka da jakarta a ka, ta karɓi haihuwar tagwaye. A ƙarshe na sa muryar Inna kanta, wani saƙo da ta taɓa turo min ina makaranta: "Hikima, ki ci abinci, ki bar yawan karatu da yunwa."

Baba ya kai hannun rigarsa ya rufe fuska. Kafaɗunsa suna motsi. Ni ma na kasa riƙewa, Zakariyya ya kawar da kai yana share ido.

Da ya samu magana sai ya ce, "Akwai gyara. Ba ita kaɗai ta tsallaka rafin ba. Ni na riƙe hannunta, ruwa har ƙirjina. Khadija ba ta gani ba, tana ɗaki tana naƙuda."

"Ban sani ba, Baba."

"Ina za ki sani, ba ki tambaye ni ba." Ya numfasa. "Ni ma ban ba ki fuskar tambaya ba. Ki tafi Kadunar, gwaggonki ta raka ki. Kai kuma Zakariyya, ka koyi riƙe bakinka kafin in ba ka ɗiyata."

"Na ɗauka, Malam."

A Kaduna, tun kafin a fara, ko'ina maganar fim ɗina ake. 'Yan jarida uku suka ce ni ce, wasu suka ce wani matashi mai fim a kan direbobin tirela. Da aka nuna nawa, mutane suka miƙe tsaye, wata mata da ban sani ba ta rungume ni tana kuka, ta ce uwarta ma ungozoma ce.

Da aka buɗe ambulan, sunan mai fim ɗin tirela aka kira. Ni na zo ta biyu.

Zakariyya ya same ni a waje, fuskarsa duk ta sauya. "Na kunyata ki, Hikima. Na ɗaga ki sama a gaban jama'a..."

Na yi dariya. "Nashi ya fi nawa kyan sauti, kai ma ka sani. Da waya na ɗauki nawa. Ka jira na gaba."

"Har kin san na gaban?"

"Ban sani ba tukuna. Amma zan yi, kuma da sunana."

An ɗaura aurenmu a ranar da aka sa tun farko. Mata suka cika mota biyu daga Janbako, har da tagwayen nan, sun zama 'yan mata.

Bayan sati biyu muka je gaida Baba. Muna shirin tafiya ya ce mu dakata. Ya shiga ciki ya daɗe, sai ga shi ya sake riga, ya ɗaura rawaninsa na Juma'a. Ya zauna ya gyara zama.

"Kin zo da abin ɗaukar naki?"

"Yana jaka, Baba."

"To fiddo. Kai Zakariyya, tunda kai ne mai sanin sauti, matso da shi kusa, muryata ta tsufa."

Na fiddo wayata na saita. Zakariyya ya durƙusa a gefensa. Baba ya dube ni, ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba.

"Bismillah," ya ce. "Sunanta Husaina. A kasuwar Maradun na fara ganinta, tana faɗa da mai albasa..."