Kafin Baba Ya Gama Wuyan Riga

"Ba inda za ki, Auta! Na gama magana!"

Baba ya faɗa yana taka keken ɗinkinsa a tsakar gida, ko kallonta bai yi ba. Auta ta durƙusa gefensa, hawaye shaɓe-shaɓe. An daɗe Injiniya, mai gyaran jirage a wani ƙaramin filin jirgi can nesa, yana neman aurenta, Baba yana cewa a'a.

"Baba, laifin me ya yi?"

"Laifin nisa! Wuni guda cur a mota. Haka aka kawo mahaifiyarki nesa da gida, ranar da tsohuwarta ta cika tana hanya aka yi jana'iza. Har ta koma ga Allah abin yana cin ta. Ni ma so kike in mutu ina kallon ƙofa?"

"A jirgi fa minti hamsin ne kacal, Baba."

"Minti hamsin! Ni tela ne, da ɗinki nake auna lokaci. To, gobe ya taho nan a jirgi. In jirginsu zai tashi ya kira ni, in kama wuyan riga. In ya yi sallama kafin in gama, na ba shi ke. In na riga shi, a bar zancen."

Kowa ya san saurin hannun Baba. Auta ta faɗa ɗaki ta kira Injiniya.

"Plis, ka bari sai kun sauka ka kira shi, ai ba zai sani ba!"

"Haba Auta — in fara surukuta da ƙarya? In ke rabona ce, zan iso."

Ashe Baba yana bakin taga yana yankan yadi, muryar wayar kuma tana fitowa, ya ji duk abin da suka ce.

Washegari waya ta yi ƙara. "Baba, yanzu za mu tashi." Ga ƙugin injin nan ana ji. Baba ya yi bisimilla, keke ya hau gudu.

Jirgi ya cika alkawari, amma da Injiniya ya sauka, tasi ta maƙale da shi a gosulo. Wuyan riga saura ƙiris! Auta ta rufe fuska tana kuka. Can ta ji keke ya yi shiru, ta leƙa ta tsakanin yatsunta. Me za ta gani? Baba ne riƙe da reza, yana farke ɗinkin da ba shi da aibin komai, yana goge ido da gefen hannu.

"Salamu alaikum!" Injiniya ya shigo, gumi sharkaf.

Baba ya yi gyaran murya. "Ka ci sa'a, yau zaren nan gardama yake mini." Ya ƙarasa ɗinkin, ya miƙa masa. "Gwada mu gani."

Riga ta zauna masa ɗas.

"Wanda ya ƙi yi mini ƙarya don ya same ki, ba zai hana ki zuwa ba ranar da na kira," in ji Baba. "Ku riƙe gaskiya da haƙuri, su suke rage nisa, ba jirgi ba."

Auta ta kifa kanta a gwiwarsa, tana dariya tana kuka.